Hutun Haihuwa Mai Albashi da Komawar Uwa Bakin Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda mata ma'aikata suka haɗu, a ɗakin malamai ne ko a layin awo, da wuya a tashi ba a taɓo zancen hutun haihuwa ba: wata nawa ne, za a biya ko ba za a biya ba, in an dawo kuma za a tarar da kujerar? Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa. Mafi yawan binciken da ke nan daga Turai da Amurka ya fito, don su ne ke da rajistar albashin kowane ma'aikaci ta shekara da shekaru, shi ya sa na bar kowane sakamako da sunan ƙasarsa.

1. Me ake nufi da hutun haihuwa mai albashi? Ɗaya suke da "hutun iyaye"?

Hutu uku ne ake cakuɗawa. Akwai na uwa, wanda ake ba mace dab da haihuwa da bayanta don jikinta ya warware. Akwai na uba, 'yan kwanaki ko makonni bayan an sauka. Sai na iyaye, wanda ke biyo bayan na uwa, miji da mata su raba yadda suka ga dama. Suwidin ce ta fara wannan na ukun a 1974. Yau kwana 480 ne a kan kowane ɗa: 90 na uwa ita kaɗai, 90 na uba shi kaɗai, sauran su sasanta.

Cikin kowane hutu kuma abu biyu ne da ba dole su zo tare ba: kuɗin da za a ba ki kina gida, da alkawarin gurbinki yana nan har ki dawo. A Amurka dokar tarayya ta 1993 ta ba da mako 12 da ajiye gurbi, amma ba ko sisi, ita ma sai a wuraren da ke da ma'aikata 50 zuwa sama. Mudun da ake auna ƙasashe da shi shi ne yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000: aƙalla mako 14, aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi, kuma a biya daga asusun inshora ko baitulmali. Wannan sharaɗi na ƙarshe mutane ba su cika kula da shi ba, alhali a nan gizo ke saƙa (duba tambaya ta 8).

2. Hutun yana sa mata su koma aiki ne, ko yana saba musu da zaman gida?

In hutun matsakaici ne, daga wata uku zuwa abin da bai wuce shekara ba, kuma gurbin yana jira, to komawa yake sa su. Macen da ba ta da hutu zaɓi biyu gare ta: ta koma ofis jinin biƙi bai ɗauke ba, ko ta ajiye aikin. Da yawa ajiyewa suke yi. Wadda ta ajiye kuwa, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ta sake bin layi da takardu a hannu, ta fara daga ƙasa, shekarun da ta tara a tsohon wurin sun bi ruwa. Wadda ke hutu sunanta bai fita daga takardar albashi ba, kuma ta san ranar da za ta koma tun kafin ta tafi. Sanin ranar nan kaɗai yana sa a fara neman mai raino da wuri.

Masanin tattalin arziki Christopher Ruhm ya bi ƙasashen Turai tara daga 1969 zuwa 1993, ya ga ba da hutu mai albashi ya zo da ƙarin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 a yawan mata masu aiki. A jihar Kalifoniya, wadda ta fara biyan hutun mako shida a 2004 da kusan kashi 55 cikin 100 na albashi, hutun da iyaye mata ke ɗauka ya ninka, daga kamar mako uku zuwa shida, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda a da ba za su iya zama ba albashi ba. Bayan shekara ɗaya zuwa uku an ga awannin aikinsu sun ƙaru. Amma kafin a ɗauki wannan a matsayin hukuncin ƙarshe, a karanta amsa ta 6 da ta 9.

3. Me dokar Najeriya ta ba ni in a kamfani mai zaman kansa nake aiki?

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ki mako 12. Kina da damar barin aiki mako shida kafin haihuwa in kin kawo takardar likita, kuma an hana a sa ki aiki cikin mako shida na bayanta. In kin yi wata shida ko fiye a jere a wurin, za a biya ki aƙalla rabin albashi. Bayan kin dawo, in kina shayarwa, kina da rabin awa sau biyu a rana. Mai kamfani ne ke biya daga aljihunsa.

Sai dai akwai rami a cikin dokar. Ma'anar "ma'aikaci" da ta bayar ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na zartarwa da ƙwararru. Wato manajar banki, ko lauya, ko likita, haƙƙinsu yana cikin takardar ɗaukar aiki da kundin ƙa'idojin kamfani. Manyan kamfanoni da dama suna ba da fiye da abin da dokar ta ce, da cikakken albashi. Ƙanana kuwa da yawa ko rabin ba sa bayarwa.

4. Ma'aikatan gwamnati fa?

Nasu ya fi kyau nesa ba kusa ba. An daɗe ana ba ma'aikaciyar gwamnatin tarayya aƙalla mako 16 da cikakken albashi, da sassaucin awa biyu kullum bayan ta dawo don shayarwa. Wasu jihohi sun wuce haka. Legas ta kai shi wata shida a 2014, amma a lokacin ga haihuwa biyu na farko kawai aka ba da shi. Daga ta uku, a tsarin na lokacin, sai a koma wata uku. Kaduna ta ba da wata shida a 2019. Oyo da Ekiti su ma sun bi sahu. Tunda kowace jiha da ƙa'idojinta, kuma ana sabunta su, ki nemi takardar sanarwa ta baya-bayan nan a ofishin kula da ma'aikata, kada ki tsaya a kan "an ce".

A aikin gwamnati tsoron rasa gurbi kaɗan ne. Abin da mata ke kuka da shi shi ne jarrabawar ƙarin girma ko kwas da ya faɗo tsakiyar hutu, da sauyin wurin aiki da za ki dawo ki tarar an yi miki (duba ta 10).

5. A Nijar, Gana da Kamaru yaya abin yake?

Nijar mako 14 ne, takwas daga ciki bayan haihuwa, kuma asusun inshorar ma'aikata na ƙasar, CNSS, yana ɗaukar wani kaso na biyan. Ta kuma amince da yarjejeniya ta 183 a 2019, abin da Najeriya ba ta yi ba. Kamaru ita ma mako 14, nata asusun inshorar ma'aikata, CNPS, ke biya. Gana mako 12 da cikakken albashi a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2003, da ƙarin mako biyu ga mai tagwaye ko wadda haihuwar ta zo mata da tangarɗa, amma kamar a Najeriya, mai kamfani ne ke biya. Kusan za a ce rabon gadon mulkin mallaka ne: waɗanda Faransa ta raina sun tashi da asusu, waɗanda Ingila ta raina sun ɗora wa mai ɗaukar aiki.

6. In wata uku yana da amfani, ashe shekara biyu ko uku za su fi?

A'a, kuma wannan an gwada shi, ba hasashe ba ne. Jamus ta riƙa jan hutun: wata biyu bayan haihuwa kafin 1979, sai wata shida, sai goma a 1986, har ajiye gurbi ya kai wata 36 a 1992. Duk lokacin da aka ƙara, sai mata su ɗaga ranar komawarsu daidai da ƙarin. Ostiriya ta ninka nata daga shekara ɗaya zuwa biyu a watan Yulin 1990, abu ɗaya ya faru, har da ƙarin haihuwa ta biyu a kusa-kusa, sannan a 1996 ta rage kuɗin zuwa wata 18. Abin da ya sanyaya zuciya a ƙasashen biyu shi ne bayan shekaru da dama yawancin matan sun koma, bambancin ya ragu ƙwarai. Amma ba wanda ya nuna cewa ƙarin ya ƙara yawan masu aiki. Norwe ma haka: daga 1987 zuwa 1992 ta ja hutun daga mako 18 zuwa 35, an kashe kuɗi mai yawa, yawan iyaye mata masu aiki bai motsa ba.

Inda abin ya yi ɓarna sosai shi ne Faransa. A 1994 ta faɗaɗa wani alawus na zaman raino, wanda ake biya har yaro ya cika shekara uku, ya haɗa da masu ɗa na biyu. An ƙiyasta iyaye mata fiye da dubu 100 suka bar aiki saboda shi, mafi yawansu masu ƙaramin albashi da ƙaramin ilimi, waɗanda alawus ɗin ya kusa kamo abin da suke samu. Su ne kuma suka fi shan wuyar komawa. Shekara uku ba wasa ba ce: an canja manhajar kwamfuta, an canja oga, waɗanda kika koya wa aiki sun zama na gaba da ke.

Ga mu nan kuma akwai lissafin da Bature bai cika yi ba. Macen da za ta haifi biyar ko shida, hutun shekara biyu a kan kowane ɗa ya cinye mata shekara goma zuwa goma sha biyu cikin 35 na aikin gwamnati. A ganina wata huɗu zuwa shida shi ya fi dacewa da mu, kuma ya yi daidai da zancen shayarwa da ke amsa ta 13.

7. Wanne ya fi tasiri, kuɗin ko ajiye gurbin?

Kowanne da aikinsa. Kuɗin shi ke ba mace damar zama, gurbin shi ke jawo ta ta dawo. A alƙaluman Ostiriya da Jamus ana ganin mata suna komawa tururuwa a wata biyu takamaimai: watan da kuɗi ya tsaya, da watan da kariyar gurbi ta ƙare. Mafi munin haɗi shi ne kuɗi ya ci gaba da zuwa bayan kariyar gurbin ta ƙare, don mace za ta zauna ta ƙarasa karɓa, ta waiwayo ta ga ba wurin komawa.

Jamus ta gyara nata a 2007. Maimakon Yuro 300 a wata na tsawon shekara biyu ga masu ƙaramin ƙarfi, ta koma biyan kusan kashi 67 cikin 100 na albashi na wata 12, da ƙarin wata biyu in uba ma ya ɗauka. Sai mata suka fi zama a gida a shekarar farko, suka kuma fi komawa aiki a ta biyu, musamman masu ƙaramin albashi. Kuɗi mai kauri na ɗan lokaci ya fi ɗan tsirit mai dogon zango.

8. Me ya sa ake ta nanata zancen wa ke biya? Ba dai albashin ya zo ba?

Ga wadda ta riga ta samu aikin, haka ne. Matsalar tana kan wadda ke bakin ƙofa da takardunta. In doka ta ce mai kamfani ne zai biya mace tana gida, sannan ya biya wanda zai riƙe mata aikin, to ya riga ya yi lissafinsa tun ranar intabiyu. Daga nan ake samun tambayoyin da kowace amarya ta sani: "Yaushe aka yi bikin? Yara nawa? Akwai shirin ƙari?" Ba zai ce don haka ya ƙi ɗaukar ki ba. Zai ce za a neme ki.

Indiya ta ɗaga hutun daga mako 12 zuwa 26 a 2017, ga haihuwa biyu na farko, a wuraren da ke da ma'aikata goma zuwa sama, ta kuma bar nauyin biyan a kan masu kamfani a mafi yawan lokuta. Tun daga lokacin ake kokawa cewa ƙananan kamfanoni suna ɗari-ɗari da ɗaukar 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya. Amfanin asusu shi ne kowane kamfani yana zuba ɗan kaso a kan kowane ma'aikaci, namiji ko mace, don haka ƙin ɗaukar mace ba ya rage masa komai daga wannan kason. Ko asusun ma ba ya share matsalar kwata-kwata. A Kolombiya inshorar lafiya ke biya, duk da haka da aka ƙara hutun daga mako 12 zuwa 14 a 2011, bincike ya nuna mata 'yan shekara 18 zuwa 30 sun ƙara komawa sana'ar kai da aikin da ba rajista in an gwada su da waɗanda suka manyanta. Neman madadi da koya masa aiki shi ma kuɗi ne.

Shi ya sa duk lokacin da na ji ana kiran a tilasta wata shida a kamfanoni masu zaman kansu a Najeriya ba tare da an ambaci asusu ba, gabana ke faɗuwa. Niyyar mai kyau ce, amma ƙanwarki da ta gama bautar ƙasa ce za ta biya. Kuma ba sabon abu za a ƙirƙiro ba: tun dokar 2010 masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF don diyyar wanda ya ji rauni a wurin aiki. Hanyar tara kuɗin tana nan, haihuwa ce ba a sa a ciki ba.

9. Duk masu bincike sun yarda hutun yana taimakon aikin mata?

Ba duka ba. A 2019 masaniyar tattalin arziki Martha Bailey da abokan aikinta suka duba takardun harajin iyaye mata a Kalifoniya, suka bi su har shekara goma. Suka ga masu haihuwar fari da suka ɗauki hutun nan na 2004, yawan masu aiki a cikinsu ya ragu da kamar kashi 7 cikin 100, albashinsu na shekara da kamar kashi 8. Wannan ya saɓa wa abin da ke amsa ta 2. Wani abin lura shi ne dokar Kalifoniya kuɗi ta bayar, ita kanta ba ta ajiye wa kowa gurbi ba. Mai yiwuwa kuma wasu matan, da suka ɗanɗana zama da jariri, da kansu suka zaɓi rage aiki, wanda ba laifi ba ne. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne hutu yana taimaka wa mace ta koma wurin da ta bari. Ko zai ɗaga ta sama bayan shekara goma, nan ne ake ja-in-ja.

10. Hutun zai taɓa albashina da ƙarin girmana nan gaba?

Gajere ba ya taɓawa sosai. A binciken Ruhm, hutun wata uku bai rage albashi ba, amma na wata tara ya zo da ragin kamar kashi 3 cikin 100. Babban giɓin haihuwar ce kanta ke kawo shi, da hutu ko babu. Masanin tattalin arziki Henrik Kleven da abokansa sun nuna cewa a Denmak, inda hutu da gidajen raino suka wadata, abin da mace ke samu yana faɗuwa bayan ɗan fari ya tsaya kusan kashi 20 cikin 100 ƙasa da na namiji, na uba kuwa ko gezau. A Amurka giɓin ya kai kamar 31, a Birtaniya 44, a Jamus 61. Jamus ta fi Amurka hutu nesa, amma giɓinta ya ninka. Abin da mutanen gari ke ganin ya dace uwa ta yi, da samun inda za a bar yaro, sun fi tsawon hutu nauyi.

11. Hutun uba yana taimaka wa aikin uwa, ko hutun banza ne?

Ya danganta da yadda aka tsara shi. In an ce miji da mata su raba, mata ke kwashe kusan duka. Sai an ware wa uba nasa, in bai ɗauka ba ya faɗi, sannan maza ke motsawa. Norwe ta ware mako huɗu a 1993: kafin nan kamar kashi 3 cikin 100 na maza ke ɗauka, zuwa 2006 sun kai kamar 70. Da Sifaniya ta ba da mako biyu a 2007, an ga matan waɗanda suka samu hutun sun fi kasancewa a bakin aiki wata shida bayan haihuwa, kuma ma'auratan sun jinkirta ɗa na gaba. A Suwidin kuwa, watan uba na 1995 ya ƙara wa maza kamar kwana 15 na hutu, amma daga baya in yaro ba shi da lafiya, har yanzu uwa ce ke neman izini a ofis.

A Najeriya gwamnatin tarayya ta amince da kwana 14 na aiki ga maza a 2021, sau ɗaya cikin shekara biyu, har 'ya'ya huɗu. Mai mata biyu da suka haihu shekara ɗaya sai ya zaɓa. Gaskiya a gidajenmu makon farko hidimar suna ke cinye shi: rago, goro, karɓar barka. Jego kuma mata ke riƙe da shi, gwaggo ko inna ke dafa ruwan wanka da dama kunun kanwa, mai haihuwar fari ma tana gidan iyayenta goyon ciki. Inda maigida zai fi amfani shi ne makon da uwargida za ta koma aiki, lokacin da masu taya zama sun watse. Ga ma'auratan da aiki ya kai Abuja ko Fatakwal ba dangi kusa, kwana 14 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne.

12. Ni sana'ata nake yi a gida. Wannan zance ya shafe ni?

Dokar ba ta san da ke ba, kuma ku ne mafi yawa: alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a aikin albashi mai rajista suke ba. Amma lissafin ɗaya ne. Akwai mai ƙosai a bakin layinmu. Da ta haihu, babbar 'yarta ce ta riƙe kaskon, ta soya da asuba kafin ta tafi makaranta, ƙullun wani lokaci ya yi ruwa, ƙosan ya sha mai. Kwana ashirin da 'yan kai sai ga ta da kanta a kan kujera 'yar tsuguno, jaririya a baya an lulluɓe ta da zani saboda hayaƙi. Na ce, "Maman Biyu, ko arba'in ba ki bari an yi ba?" Ta ce, "In na kai arba'in, masu sayena sun saba da ta can gaba." Gurbin aikinta ke nan, kusurwar da take kafa murhu da mutanen da suka saba tsayawa. Kuɗin hutunta kuma adashin da ta roƙa a ba ta kwasa a watan haihuwa.

Wasu ƙasashe sun gwada biyan irin waɗannan mata kai tsaye. Indiya tun 2017 tana ba mai ɗan fari Rufi 5,000, tana haɗa biyan da zuwa awo da rigakafi. Kuɗin bai kai albashin wata uku ba, amma yana iya sayen makonnin da mai hannu baka hannu ƙwarya ba ta iya saya wa kanta.

13. Likitoci sun ce nonon uwa zalla wata shida, hutu kuma wata uku. Yaya za a yi?

Wannan giɓin na wata uku shi ne inda mata da yawa ke ajiye aiki, ko su ajiye shayarwa zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya wata shida ta ce, kuma da wannan hujja jihohin da ke amsa ta 4 suka ƙara nasu. Tsawon hutu yana taɓa shayarwa ƙwarai: da Kanada ta ninka nata zuwa kusan shekara a ƙarshen 2000, tsawon shayarwa ya ƙaru da fiye da wata ɗaya. In wata uku ne naki, ki nemi a haɗe miki rabin awa biyun nan ki riƙa tashi da wuri, ki fara koyon tatsa da ajiyewa mako biyu kafin ki koma, ki kuma yi la'akari da wutar lantarkin unguwarku kafin ki dogara da firij.

Ranar da hutu ya ƙare, tambayar ita ce wa zai riƙe yaron. Lardin Kebek na Kanada ya buɗe gidajen raino na Dala 5 a rana daga 1997, yawan iyaye mata masu aiki ya tashi a fili. Mu nan kaka ce gidan rainonmu, ko 'yar raino, ko abokiyar zama in ana shiri. Wadda ba ta da ko ɗaya, ko wata shida aka ba ta, tsugune ba ta ƙare ba.

14. Ƙaramar makaranta gare ni, malamai takwas. In biyu suka tafi hutu, ba durƙushewa zan yi ba?

Kukanka yana kan hanya. An yi bincike a kan ƙananan kamfanonin Denmak masu ma'aikata ƙasa da 30, aka ga tafiyar mace hutu ba ta taɓa riba ko ɗorewar kamfani ba, amma can ana mayar musu da albashin da suka biya (duba ta 8). Kai ba mai mayar maka. Duk da haka ka auna: rabin albashin wata uku, da kuma rasa malamar da ta san yaranka da iyayensu, ka ɗauko sabuwa wadda ita ma gobe za ta yi aure. Ciki ba ya zuwa kwatsam, wata biyar ko shida kana gani. Ka riƙa ware ɗan abu kowane zango, ku zauna da ita ku tsara wa zai riƙe ajin tun kafin ta tafi.

15. Za a iya sallamata ina cikin hutu?

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadagon Najeriya ya hana a ba ki takardar sallama kina cikin hutun, ko wadda wa'adinta zai cika a cikinsa, har da in rashin lafiyar da haihuwa ta jawo ya sa kin ƙara kwanaki da shaidar likita. Ana kai irin wannan ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sai dai ba da takarda ake korar mai jego ba. Wata 'yar uwata da ke koyarwa a wata makarantar kuɗi, mai makarantar ta ce mata, "Malama, Allah ya raba lafiya. Ki je ki huta abinki, in kin yi arba'in ma yi magana." Ba a rubuta komai ba. Ta dawo bayan wata uku ta tarar da 'yar bautar ƙasa a gaban allonta, rajistar ajin a hannunta. Amsar da ta samu ita ce, "Ai ba korar ki muka yi ba, aji ne ba ya jira." Da ta je neman shawara, abu na farko da aka tambaye ta shi ne takardar neman hutu da ta amincewa, ba ta da ko ɗaya.

16. Yaushe zan fara hutun, kuma me zan shirya kafin in tafi?

Mata da yawa suna jurewa har satin haihuwa don su tara hutun a baya. A wasu wuraren ana yarda, a wasu kuma makonnin gaba in ba ki ɗauka ba sun faɗi. A aikin gwamnatin tarayya an saba a fara kamar mako huɗu kafin ranar da likita ya ƙiyasta, kuma ana lissafa hutun shekara a ciki, don haka ki tambaya tun cikin yana wata biyar ko shida. In hawan jini ko kumburi ya shigo, maganar likita ce gaba da kowane lissafi.

Ki rubuta takardar neman hutu da ranar tafiya da ranar dawowa, ki haɗa da takardar asibiti, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki. Ki nemi amsa a rubuce mai faɗin nawa za a biya ki. In oga da baki ya amsa, ki tura masa saƙon WhatsApp na godiya mai ɗauke da ranakun, ki adana amsarsa. Ki miƙa aikin hannunki a rubuce ga wanda zai riƙe, da sunansa a kai. In an yi miki tiyata ko kin haifi bakwaini, ki aika sabuwar takardar likita kafin ranar dawowar ta cika, kada ki bari sai ta wuce.